A-kori-kura: tarihin Peugeot 404 da aikin tayar da ita daga kwance

A ƙasar Hausa, daga Dogon Dutsi zuwa Damagaram, daga Sakkwato zuwa Haɗeja, da wuya a sami tsohon gareji da babu gawar a-kori-kura a bayansa. Za ka gan ta zaune kan duwatsu, tayoyi sun tafi, gilashi ya fashe, kaji na saka ƙwai a gidan direba. Mafi yawansu ƙirar Peugeot ne, wadda bakinmu ya mayar Fijo: ko dai 404, wadda mu a Nijar muke kira kat-san-kat bashe saboda tamfol ɗin da ake lulluɓe bayanta da shi, ko kuma ƙanwarta 504. A ƴan shekarun nan gawarwakin suna ta raguwa, domin ƴan gwangwan na sayensu da kilo, su daddatsa, a kai wa masu narka ƙarfe. Abin da ya shiga tukunyar narki kuwa ya tafi ke nan. Shi ya sa na ga ya dace mu waiwayi tarihin wannan mota, sannan mu duba abin da ke gaban duk wanda ya ƙudurta tayar da guda ɗaya.

Daga zarto zuwa mota

Peugeot sunan wani gida ne a gabashin Faransa, kusa da iyakar Suwizalan. A shekarar 1810 ƴaƴan gidan suka mayar da injin niƙan hatsinsu masana'antar ƙarfe, suka shiga ƙera zarto da sauran kayan aiki, daga baya har da injin niƙa kofi da kekuna. Zakin da muke gani a goshin motar an yi masa rajista tun 1858, lokacin babu ko mota ɗaya, kuma a kan zarto aka fara buga shi. Armand Peugeot ne ya karkata gidan zuwa ga mota: a 1889 ya nuna wata mai ƙafa uku da tururi ke turawa, ba da jimawa ba ya koma ga injin fetur. Masana'antar Sochaux, wadda ta zama uwar gidan, ta fara aiki a 1912. Al'adar sa wa mota lamba uku da sifili a tsakiya kuwa ta soma ne da 201 a 1929.

An fito da 404 a watan Mayun 1960, ƴan watanni kafin Nijar ta karɓi mulkin kai ranar 3 ga Agusta, Najeriya kuma ranar 1 ga Oktoba. Ke nan sa'ar ƙasashenmu ce. Kamfanin Pininfarina na Italiya ya zana siffarta. Da farko motar gida ce, sai a 1967 aka fitar da mai buɗaɗɗen baya, wadda ta gaji a-kori-kurar 403. Jimillar 404 da aka ƙera a duniya, duk nau'o'inta, ta kusa miliyan uku.

Me ya sa ta karɓi ƙasarmu? Injin fetur ɗinta mai silinda huɗu ne, girmansa cc 1618, an kishingiɗar da shi gefe guda, don haka hannun bakanike na kaiwa ko'ina ba tare da wahala ba. Akwai kuma mai shan gas, na Indenor, mai cc 1948. Giya huɗu ce, sandarta a jikin sitiyari, abin da ya bar wurin zama a gaba. Bayan a-kori-kurar na kan sifirin mai ganye-ganye, irin wanda maƙerin kasuwa ke iya ɗaurewa ko ya ƙara masa ganye. Babu kwamfuta, babu abin da sai an jona na'ura kafin a gane ciwonsa. Kafireto, fulogi, kwantak da batir, shi ke nan. Mai kunne da sifana goma yana iya mayar da ita hanya a tsakiyar daji.

Sunanta ya ƙara fita ne a gasar tseren Safari ta gabashin Afirka, wadda a wancan lokaci ake yi kan hanyoyin laka da duwatsu na Kenya, Yuganda da Tanzaniya. 404 ta lashe gasar sau huɗu: 1963, 1966, 1967 da 1968. A ta 1963, motoci bakwai kacal suka kai ƙarshe cikin fiye da 80 da suka tashi, kuma 404 ta Nick Nowicki ce a gaba. Ƙanwarta 504, wadda ta fito a 1968, ta ci gasar a 1975 da 1978. Kamfanin bai buƙaci wata talla da ta fi wannan ba.

Hanyoyi uku da ta biyo ta iso mu

Hanya ta farko ita ce ta teku. Nijar ba ta da gaɓa, kuma jirgin ƙasan da ya taso daga Kwatano a Paraku ya tsaya. Daga nan sai hanyar mota zuwa Gaya, Doso da Yamai. Ta nan sababbin motocin gwamnati da na manyan ƴan kasuwa suka riƙa shigowa ta hannun kamfanonin Faransawa. A ƙasar da babu dogo, duk abin da zai motsa, mutum ne ko buhu, idan ba a bayan raƙumi ko jaki ba, to a bayan mota yake.

Hanya ta biyu daga Kaduna ta taso. A watan Disambar 1972 aka kafa kamfanin Peugeot Automobile Nigeria, haɗin gwiwar gwamnatin Najeriya da Faransawa, kuma a watan Maris na 1975 Janar Yakubu Gowon ya buɗe masana'antar a Kakuri. Lokacin tashar jiragen ruwan Legas ta cushe, jirage na jiran watanni kafin a sauke su, sai aka koma ɗauko sassan motocin ta sama: jiragen dakon kaya na kamfanin UTA na tasowa daga Liyon su sauka Kano, daga nan a kwashe zuwa Kaduna a harhaɗa. A farkon shekarun 1980 masana'antar na fitar da mota kusan 60,000 a shekara.

Akwai wani abu da ake yawan mantawa a nan. Har zuwa ranar 2 ga Afrilun 1972, a hannun hagu ake tuƙi a Najeriya, irin na Ingila, motocinta kuma sitiyarinsu a dama. Da ta koma tuƙin dama, Gana ma ta bi sahu a watan Agustan 1974, sai motar Kaduna ta zama daidai da ta Maraɗi da ta Garwa. Mota da kayan gyaranta suka shiga ƙetare iyaka ta Jibiya da Ɗan Isa, ta Illela da Ƙonni, ta Kwangwalam da Matamai, kamar yadda goro da kanwa suka saba yi tun kafin a ja iyakar.

Hanya ta uku ta fi ban mamaki, domin ta cikin Sahara ta ratso. A shekarun 1970 da 1980, samarin Turai, Faransawa da Jamusawa da ƴan Holan da sauransu, sukan sayi tsohuwar 404 ko 504 da araha a gida, su haye teku zuwa Aljeriya, su gangaro har Tamanrasat. Daga nan kwalta ta ƙare: kusan kilomita 400 na rairayi zuwa In Gezam, sannan Asamaka, sannan Arlit da Agadas. Wadda ta kafe a rairayin Lawni a nan ake barinta, kuma ƙarafunanta sun daɗe suna zama alamar hanya. Wadda ta tsira sai a sayar da ita, mai ita ya sayi tikitin jirgi ya koma. Kasuwa kuwa akwai, don kuɗin yuraniyom sun shigo: Somaïr ta fara haƙa a Arlit a 1971, Cominak a 1978, kuma a wajen 1980 aka gama kwaltar da ta haɗa Tawa da Arlit. Wannan fatauci ya mutu a farkon shekarun 1990, da tawaye ya ɓarke a arewacin Nijar, Aljeriya kuma ta faɗa yaƙin basasa.

Aikin da ta yi

A takardar kamfani, kayan da a-kori-kura za ta ɗauka bai wuce kimanin tan ɗaya ba. Direbobinmu ba su taɓa karanta wannan takarda ba. Ranar kasuwar ƙauye, buhunan gero da wake a ƙasa, fasinja a kan buhuna, awaki a tsakanin ƙafafu, kaji a rataye, yaron mota kuma a maƙale a baya da ƙafa ɗaya. Ita ce ta kai mai naƙuda asibiti daga garin da babu likita, ita ta kai jeren amarya, ita ta ɗauko gawa a dawo da ita gida. Ma'aikatan gona, masu allurar dabbobi, jandarmomi da ƴan duwan duk sun yi aiki da ita.

Muhimmancinta shi ne ta cike gurbin da ke tsakanin jaki da babbar mota. Gingimari na buƙatar jari mai yawa da kaya masu yawa kafin ta tashi, kuma ba kowace hanya take shiga ba. A-kori-kura kuwa ƙaramin ɗan kasuwa na iya mallakarta, ko mutum biyu su yi haɗaka, ta bi kasuwannin mako ɗaya bayan ɗaya. Da ita manomin da ke nesa da kwalta ya sami hanyar kai amfaninsa inda farashi ya fi. A kewayenta kuma sana'o'i suka tsiro: makanikai, masu walda, masu faci, masu gyaran lagireto, masu ɗinkin tamfol, kafintocin da ke ɗaura mata katako, da masu rubutun jikin mota. Yara da yawa da ba su sami zama a makaranta ba, a ƙarƙashin 404 suka koyi abin da suka riƙe iyali da shi.

Faɗuwar rana

A Turai an daina ƙera 404 ta gida a 1975, amma a Afirka ta ci gaba, kuma Kenya ce wurin da aka harhaɗa ta ƙarshe, a 1991. A-kori-kurar 504 ta karɓi tuta tun wajen 1980, an kuma ƙera ta har a Ajantina da Sin. Kaduna ta ci gaba da fitar da 504 har tsakiyar shekarun 2000.

Abubuwa da dama suka taru suka kwantar da zakin. Tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya karya darajar naira, sabuwar mota ta fi ƙarfin ma'aikaci. A watan Janairun 1994 aka rage darajar sefa da rabi, faran ɗin Faransa ɗaya ya tashi daga sefa 50 zuwa 100, don haka duk wani ƙarfe da ake ɗaukowa daga Faransa ya ninka kuɗi dare ɗaya. Tashar Kwatano ta cika da motocin hannu masu araha, yawancinsu na Japan. Toyota kuma ta riga ta nuna kanta a rairayi: a yaƙin Cadi da Libiya na 1987, sojojin Cadi a kan Hilux da Land Cruiser suka fatattaki tankokin yaƙi, har aka sa wa yaƙin sunan motar. Mai jan ƙafa huɗu ta shiga inda mai jan ƙafa biyu ke kafewa. Daga baya babura da masu ƙafa uku suka kwashe ƙananan kaya na cikin gari. A hankali 404 ta koma dakon itace da yashi da bulo, daga nan sai bayan gareji.

Idan za a tayar da ita

Gyara daban, tayarwa daban. Gyara shi ne abin da muka yi shekara hamsin muna yi: a ɗaure da waya, a toshe da sabulu, ta kai gobe. Tayarwa kuwa sai an kwance motar gaba ɗaya, an bi ta gaɓa-gaɓa, an mayar da ita yadda za ta ƙara wasu shekaru masu yawa. Aikin yana da tsari, kuma wanda ya tsallake tsarin zai biya sau biyu.

A fara da takardu. A duba lambar da ke kan farantin kamfani a ɗakin inji, a gwada ta da wadda ke kan takardar mallaka. Motocin nan sun sha canza hannu da ƙetare iyaka, wasu an haɗa su daga gawa biyu ko uku. Kada mutum ya zuba dukiyarsa a kan motar da ba zai iya fita da ita titi ba.

Sannan a kwance, ana ɗaukar hoto da waya kafin a cire kowane abu, ana zuba kusoshi a gwangwanaye da alama. Wanda ya dogara da ƙwaƙwalwarsa, bayan wata shida zai tarar da rabin bokiti na ƙarafa da bai san mazauninsu ba.

Daga nan sai ƙashin motar da jikinta. A nan busasshiyar iskarmu ta yi mana rana, domin motar da ta rayu a Tawa ko Agadas ba ta cin tsatsa kamar wadda ta zauna bakin teku, ko wadda ta sha gishirin da Turawa ke watsa wa hanya lokacin ƙanƙara. Duk da haka a duba daɓen gidan direba, ƙasan ƙofofi, gindin gilashin gaba da mazaunin batir. Ciwon motarmu na asali lodi ne. A bi dogayen ƙarafan da ke ɗauke da baya, musamman inda sifirin ke kamawa, a nemi tsagewa da tsohuwar walda. A auna ta kusurwa zuwa kusurwa a tabbatar ba ta murɗe ba, don motar da ƙashinta ya karkace ba za ta daina cin taya ba har abada. Inda ya ruɓe a yanke a sa sabon ƙarfe. Cika rami da hoda a shafe da fenti kyan ɗan maciji ne.

Inji shi ne inda 404 ta fi tausayin mai ita. Bututun da fistin ke kai-komo a ciki, wanda makanikanmu ke kira shemiz, ba a haɗe yake da gangar injin ba, zare shi ake yi. Don haka maimakon a kai gangar a rarake ta, sai a sayi sababbin shemiz da fistin da zobba a zura, inji ya koma kamar sabo. Abin lura shi ne a sa sababbin robobin da ke gindinsu, a kuma daidaita tsayinsu, in ba haka ba ruwa zai haɗu da baƙin mai. Marfin injin kuwa na alminiyom ne, yana lanƙwashewa idan mota ta taɓa tafasa, saboda haka a ɗora masa ma'auni kafin a mayar. Da yake injin 504 daga na 404 ya samo asali, za a tarar da yawa an riga an musanya musu zuciya. Mai tayarwa sai ya yanke shawara tun farko: na asali zai nema, ko zai riƙe wanda ya tarar.

Kada a raina hanyar ruwa. Shekara da shekaru ana ɗura wa motocin nan ruwan rijiya, gishirinsa ya daskare a cikin lagireto da gangar inji. A wanke, a sauya tiyo duka, a duba famfon ruwa da fanka. Ƙura ma abokiyar gaba ce: mota mai sabon inji da tsohon matacin iska, hunturu ɗaya ya ishe ta.

Birki ba wurin tsimi ba ne. A sauya robobi da bututai, a zubar da tsohon mai. Kuma don Allah kada a hure ƙurar tsohon birki da baki ko da iska, domin takalman birki na wancan zamani da asbestos ake yinsu, ƙurarsa kuwa tana lalata huhu. A jiƙa, a goge. Wayoyin wuta ma rana ta gama da su, an kuma yi musu ɗaure-ɗaure iri-iri. Gara a zare duka a ja sababbi da a wayi gari aikin shekara guda ya kama da wuta. Fenti shi ne na ƙarshe, ko da yake shi ne abin da ido ke ɗokin gani.

Kayan gyara ba su ƙare ba tukuna. Ana samu a Ƙofar Ruwa ta Kano, da Fanteka ta Kaduna, da Katako ta Yamai, da Suame Magazine ta Kumasi. Abin da ya fi wuya su ne ƙananan abubuwa: fitilun baya, robar gilashi, hannun ƙofa, agogon gaba, da zakin goshi. Wanda ya ga gawa ta biyu da araha ya saya ya ajiye, za ta ciyar da ta farko.

Wace kama za a mayar mata?

A nan ne nake ganin ya kamata mu yi namu tunanin. A Turai, gwanin tayar da mota shi ne wanda ya mayar da ita tamkar ranar da ta fito daga masana'anta, har launin kujera. Irin wannan 404 akwai ta a gidan tarihin Peugeot da aka buɗe a Sochaux a 1988, ba ta jiran taimakonmu. Wadda babu a can ita ce tamu: mai ƙarin ganyen sifirin, mai katangar katako da kafintan tasha ya ɗaura, mai matakin da yaron mota ke tsayawa, mai addu'a ko habaici da aka rubuta mata a goshi. Waɗannan ƙare-ƙare su ne shaidar abin da muka yi da motar, kuma wanda ya kankare su duka don ta yi kama da ta cikin littafin kamfani ya goge rabin labarin. Shawarata ita ce a gyara duk abin da ya shafi lafiya da tsaro ba tare da sassauci ba, amma a bar wa motar tabonta na aiki, a sabunta rubutunta da hannun mai rubutun tasha.

Mun san yadda ake adana abu idan mun ga darajarsa. Bishiyar Tenere, da wata babbar mota ta banke a 1973, an ɗauko gangarta an kai gidan tarihi na ƙasa a Yamai, wanda yanzu ke ɗauke da sunan Bubu Hama, har yau ana zuwa kallonta. Motar da ta yi shekara arba'in tana haɗa ƙauye da kasuwa ita ma ta cancanci rumfa, a gidan tarihi ko a ƙofar tasha. Ƙungiyoyin direbobi da na makanikai na iya ɗaukar nauyin guda ɗaya a kowane babban gari, makarantun koyon sana'a kuma su sa ɗalibai su yi aikin, tunda babu injin da ya fi wannan sauƙin koyarwa.

Abin da ya fi ƙarfen saurin ƙarewa shi ne mutanen. Makanikan da ke saita kafireto da kunne, da direbobin da suka san kowace rijiya tsakanin Tanut da Agadas, yawancinsu sun haura saba'in. Mu ma'aikatan rediyo mun san yadda murya ke ɓacewa idan ba a naɗe ta ba. Duk mai irin wannan dattijo a gida ko a unguwa, ya zauna da shi, ya kunna wayarsa, ya tambaye shi nawa ya sayi motarsa ta farko, wa ya koya masa, wace hanya ce ta fi ba shi wuya. Da tsohuwar zuma ake magani. Wanda kuma ke da gawar a-kori-kura a bayan gida, kafin ya amsa tayin mai sikeli, ya ɗaga bonet ɗin ya duba tukuna. Allah ya jiƙan magabatanmu na tasha da gareji, ya ba na raye lafiya.